Hannun Mai Kemis

Almakashi ake ce mata, kuma ba don ta iya ɗinki ba. Aikinta yanka fim. A kawo mata hoto na awa arba'in, ta zauna gaban kwamfuta ta yi ta datsa har ya dawo awa ɗaya da kwata. Darakta ce ta laƙaba mata sunan, ranar da ta yanke mata wani wuri da ta yi kwana uku tana ɗauka. Sunan ya bi ta har gida, inda Inna ma in ta so tsokana da shi take kiranta.

Shekara biyu suka yi a kan wannan fim ɗin. Mata tara ne a ciki, kowace tana faɗin yadda rayuwa ta koma tun da 'yan gyara suka yi ƙarfi a garin. Su suka sa wa kansu sunan, wai sun zo gyara al'umma. Ba gwamnati ba ne, ba 'yan sanda ba ne, amma in suka tare titi sai ɗan sanda ya tuna yana da aiki a wata unguwa. Da wa'azi suka fara. Daga nan sai takardu a bango, daga nan mace ba ta fita sai da niƙabi, daga nan kuma ba a ba mace magani a kemis sai ta kawo takardar mijinta ko ta mahaifinta. Duk wanda ya yi karatu ya san Allah bai ce haka ba, to amma wa zai ɗaga murya? A bar kaza cikin gashinta, haka kowa yake cewa, kazar kuwa kullum ana figarta.

Ranar da za a haska fim ɗin, da ƙarfe huɗu na yamma a zauren babban laburare, Almakashi ta shiga bas da safe za ta ofis. Ɓangaren mata ya cika, ta tsaya ta kama ƙarfe. Kusa da hannunta akwai wani hannu, gaɓoɓinsa sun tsage saboda sabulu, da zobe da ya nutse cikin nama.

"Ina kwana, Maman 'yan biyu," ta ce, ko tunani ba ta yi ba.

Matar ta juyo, idanu kawai ake gani. "Ke, ya aka yi kika gane ni?"

"Hannunki mana."

Maman 'yan biyu ta yi dariya a cikin niƙabi. "Ai haka kowa yake cewa. Yanzu hannu ne fuska, 'yar nan. Ni ma da na ga wannan karkataccen yatsan na ce ƙanwar mai kemis ce, ina jira in ga ko za ki gaishe ni."

Ta ci gaba da zancen tagwayenta da tarin da ya hana su barci, amma Almakashi ba ta ƙara jin komai ba. Ta ƙara damƙe ƙarfen.

Mace ta bakwai a fim ɗin yayar Almakashi ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya mai kemis ce, kuma a fim ɗin da bakinta ta faɗa cewa duk macen da ta zo mata ba takarda tana ba ta magani, na hawan jini ne, na mai ciki ne, na tazarar haihuwa ne. Sun rufe fuskarta. Sun sauya muryarta har ta yi kauri kamar ta namiji. Sannan suka yi abin da kowane mai kamara yake yi in an hana shi fuska, suka ɗauki hannu. Minti huɗu cur, hannun Yaya ya cika allo yana ƙirga ƙwayoyi yana naɗe ambulan.

Shi kuwa kemis ɗin Yaya, tun da 'yan gyara suka sa aka buga katako a tagarsa aka bar 'yar kafa ta miƙa magani, shekara biyu ke nan unguwar ba ta ganin komai nata sai hannu biyu. A bayan babban yatsanta na hagu akwai farin tabo. Dutsen guga ne ya taho zai faɗo wa Almakashi a ka tana rarrafe, Yaya tana da shekara tara ta tare shi da hannu.

Almakashi ta sauka tasha ɗaya kafin tata, ta ƙarasa da gudu-gudu.

Ofis ɗin ɗaki ɗaya ne a saman shagon gyaran waya, an toshe tagoginsa da baƙin yadi. Ta tarar da Darakta tana shan shayi tana maimaita jawabin da za ta yi. Mace ce mai kirki da zafin kai, ta yi karatun fim a waje, kuma ta yarda da littattafanta kamar yadda wasu suka yarda da bokansu. Almakashi ba ta ko gaishe ta ba. Ta kunna kwamfuta, ta ja fim ɗin zuwa minti na hamsin da biyu.

"Kalli."

"Ina kallo. Wurin da ya fi ko'ina kyau ke nan."

"Fuskarta kike kallo, Anti."

"Wace fuska? Mun rufe fuska, mun sauya murya, me kuma ya rage?"

Almakashi ta tsayar da hoton daidai kan tabon. "Yaushe rabon da ki ga fuskar mace a titi? Mun ɓoye abin da ba wanda yake gani, mun haska abin da kowa ya haddace. Ni da nake sa niƙabin nan kullum, ni na yanka wurin nan da hannuna, na kalle shi ya fi sau ɗari ban gani ba."

Darakta ta ajiye kofin a hankali. Sauran mata takwas ta bayansu aka ɗauke su, ko a inuwa, ko aka nuna taga da labule. Hannun Yaya ne kaɗai ya burge ta har ta matso da kamara.

"Sai mu dusashe hannun," ta ce. "Ko mu sa baƙin allo, a ji murya kawai."

"Mata nawa suka rage masu kemis a garin nan?"

Darakta ta fara ƙirgawa da yatsu, Almakashi ta riga ta.

"Huɗu ne. In 'yan gyara ba su ga hannu ba, duka huɗun za su kwashe su tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Kin san irin tambayarsu."

"To a cire wurin gaba ɗaya." Da ƙyar maganar ta fito, kamar ana cire mata haƙori.

"Ke da bakinki kika faɗa a rediyo ranar Talata, akwai mai kemis a ciki. Don ita za su zo. An gudu ba a tsira ba ke nan."

"To me kike so a yi?"

Almakashi ta riga ta sani tun a kan matakala. "A ba su hannu. Hannu mai alama, wanda za su ɗauka a waya su bi kemis huɗun nan da shi, su ga ba na kowa ba ne."

Darakta ta dubi nata hannun, mai laushi da dogayen farce. Ko yaro ba zai yarda wannan ya taɓa aikin kemis ba, kuma ita za a fara dubawa. Sannan ta dubi na Almakashi da ke kan tebur. Ƙaramin yatsan dama ya lanƙwashe ciki kamar ƙugiya, gadon Baba ne, su biyu kaɗai suke da shi a dangi.

"A'a," in ji Darakta.

"Wa ya san ni? Shekara biyu ina cikin ɗakin nan kamar jemage. Zan kai fim ɗin a filas ta ƙofar baya in juyo, ko zauren ba zan shiga ba."

Ba ta faɗa mata cewa Maman 'yan biyu ta gane yatsan a bas ba. Ƙarfe goma sha ɗaya saura ne, ba lokacin gardama ba ne.

Suka ja teburin kusa da taga, suka yaye baƙin yadin don haske ya shigo ta hagu kamar a hoton asali. Suka shimfiɗa farar leda. Darakta ta zazzage maganin ciwon kai daga jakarta, suka yanka takarda suka yi ambulan. Almakashi ta sa abin ji a kunne, muryar Yaya tana magana, hannunta yana bi. Inda Yaya ta yi shiru ta tsaya, inda ta ja numfashi ta ɗaga cokalin ƙirga ƙwaya.

"Tsaya," in ji Darakta. "Naɗin nan irin nata kika yi."

Gaskiya ne. Yaya tana lanƙwasa kusurwar ambulan sau biyu ta soke ta ciki, kuma kowane gida a unguwar yana da irin wannan ambulan a kan firji. Ita ta koya wa Almakashi tun suna yara suna wasan kanti. Suka sake. Hannun ya sake yin naɗin Yaya. A karo na uku ma haka, sai da Almakashi ta buga tebur ta zagi hannunta kamar wani bare. A na huɗu ta naɗe shi tsaye, naɗin marar fasali, Darakta ta ce ya yi.

Sai ƙarfe biyu da rabi ta gama haɗawa. Ta danna a fitar da fim ɗin, kwamfuta ta ce a jira minti hamsin. Layin nan shuɗi ya fara rarrafe, su biyu suka zuba masa ido kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Ta kira Yaya sau uku ba a ɗauka ba, dama ba ta taɓa waya in tana taga. Ta rubuta mata, "Inna ta ce ki wuce gida kai tsaye," don 'yan gyara suna duba wayar mutane. Ai ma Yaya ta yi alkawari ba za ta zo ba.

Kafin ta tashi ta buɗe hoton asali. Hotuna masu fuska tuntuni suka goge su, ƙa'idarsu ce. Wannan ne kaɗai ya rage, minti huɗu mafi kyau da ta taɓa yankawa a rayuwarta. Ta kalli tabon sau ɗaya, ta goge shi daga ko'ina. Ya yi mata ciwo ƙwarai.

Huɗu saura minti goma ta hau matakalar baya ta laburare tana haki. Wanda ake kira Baba mai majigi yana zaune a ɗan ɗakinsa na sama, tsoho ne da ya ga zamani iri-iri, ya daina tambaya. Ta miƙa masa sabon filas. Ya zare tsohon, ya sa shi a bakin filaya ya matse har ya yi ƙara, ya jefa a kwandon shara.

"Sauka lafiya, 'yata. Kada ki tsaya."

Ta juya za ta fita. Kuskurenta ɗaya, ta leƙa ta 'yar tagar gilashin da hasken majigi yake bi. An raba zauren da igiya, maza dama, mata hagu. A layin ƙarshe 'yan gyara shida suna zaune a jere, kowannensu da waya a kan gwiwa. A ɓangaren mata kuwa wata ta dafa bayan kujerar gabanta da hannun hagu za ta gyara zama.

Ko daga saman bene an ga tabon.

Ta sauka ta ƙofar ciki daidai lokacin da Darakta ta gama jawabi aka kashe fitilu. Ta lallaɓa ta zauna a kujerar da ke kusa.

"Yaya, tashi mu tafi."

"Ke ce? Kin ba ni tsoro."

"Kin ce ba za ki zo ba."

"Na ce. Sai na ga ban taɓa ganin kaina a majigi ba, na rufe kemis na rabin yini. Ki bar ni in yi kallo."

"Don Allah tashi."

Yaya ta ɗan waiga baya. "In muka tashi yanzu, su za su raka mu. Zauna."

Gaskiyarta ce. Biyu daga cikin shidan sun riga sun koma bakin ƙofa.

Fim ya tafi. Malamar da aka rufe wa aji ta yi magana, direbar da aka ƙwace wa lasisi ta yi magana. Wata a bayansu tana kuka ƙasa-ƙasa. Almakashi ba ta kallon allo, lokaci take ƙirgawa a ka, don ta san kowane yanka kamar yadda ta san matakalar gidansu. Minti arba'in. Arba'in da takwas.

Farar leda ta cika allo. Murya mai kauri ta ce, "In mace ta zo mini da ciwo, ciwon nake gani, ba takarda ba." Hannu biyu suka shigo da cokali, ƙaramin yatsan dama a lanƙwashe, ya kai tsawon mutum.

A baya wayoyi suka tashi sama, haskensu ya faɗo a kan kawunan mutane.

Yaya ba ta motsa ba. Can sai hannunta ya lalubo na ƙanwarta cikin duhu, ya kama yatsan ya matse har ya yi zafi.

"Me kika yi?"

"Aikina."

"Wa ya sa ki? Kin ɗauka ban ga inda kamara take kallo ba ranar nan? Na gani, na bari. Na gaji da ɓuya a bayan katako."

Almakashi ta ji kamar an mare ta. Ashe Yaya ta sani. Fushi ya taso mata tare da kuka.

"Kin gaji. To matan da za su zo taga gobe fa? Maman 'yan biyu tana bas yau da safe, yaranta na tari, mijinta ya yi tafiya wata biyu. Wa zai rubuta mata takarda?"

Yaya ba ta saki yatsan ba har fim ya ƙare.

Da fitilu suka kama, babu wanda ya yi tafi. Babban cikin 'yan gyaran ya tsaya a gaba ya yi sallama cikin ladabi, ya ce maza su fita, Allah ya ba su lada. Iyayenmu mata kuma su yi haƙuri su bi layi, ba za a taɓa kowa ba, hannu kawai za a nuna. Almakashi ta ɗaga kai. Baba mai majigi yana tsaye a saman matakala da mutum a gefensa, ya girgiza mata kai kaɗan, wato ƙofar baya ma an tare. Darakta kuwa an riga an tsayar da ita a gefen ƙofa.

Layi ya kafu. Yaya ta so ta koma bayanta, Almakashi ta tura ta gaba da kafaɗa.

"In kin fita kada ki waigo."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji Yaya.

"Ba wanda ya ce ki yar. Cewa na yi ki yi tafiya."

Mai dubawar ya faɗaɗa hoton a wayarsa har yatsan ya cika ta. Kowace mace ta miƙa, ya duba baya, ya ce a juya, ya duba ciki. Saura biyar. Saura uku. Almakashi ta ɓoye hannunta cikin hijabi tana ƙoƙarin miƙe yatsan da ɗaya hannun, abin da ta san ba ya yiwuwa tun tana 'yar shekara biyar.

Yaya ta miƙa nata. Mutumin ya ga tabon, fuskarsa ta saki.

"A'a, mai kemis, ke ma kin zo? Maganin nan ya karɓi tsohuwa, jiki da sauƙi sosai."

"Madalla. A ci gaba da ba ta bayan abinci."

"Wuce, wuce. Kin ga irin ɓata muku suna da ake yi ko? Allah ya tona asirinta."

Yaya ta wuce. Almakashi ta matso, ta fito da hannuwanta ta shimfiɗa su a haske.

Mutumin ya dubi yatsan, ya dubi waya, ya sake duban yatsan. Ya yafito babbansu.

"Baiwar Allah," in ji babban, a tausashe, "a wane kemis kike aiki?"

Ta san abin da zai biyo baya. Za su tambayi gidansu, kafin magariba su ji tana da 'yar'uwa mai kemis, su haɗa biyu da biyu. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma ta bi ta kan mata tara da shekara biyu. In ta ce wannan ƙarya ne, gobe rediyo zai ce duka ƙarya ne, malamar da direbar da kowa.

Ta ɗaga murya yadda za a ji har farfajiya.

"Babu wani kemis. Ni ce editar fim ɗin. Hannuna ne, muryata ce na sauya ta a kwamfuta. Maganin ciwon kai ne na jakar Darakta. Teburin yana ofis da ledarsa, ku je ku gani. Mun bi masu kemis duka sun kore mu, ba wadda ta yarda ta karya dokarku, sai na ƙirƙiro ta."

Wata a layi ta ja tsaki. Wannan tsakin ya fi komai shiga ranta, don matar da ta yi kuka ɗazu ce.

Babban ya juya ga Darakta. "Haka ne?"

Darakta ta dubi Almakashi. Gidanta ta sayar ta yi fim ɗin nan.

"Haka ne," ta ce. "Ƙirƙira ce."

"To Alhamdulillahi, kun ji da kunnenku," in ji shi ga layin. "Ku biyu ku tsaya nan gefe. Sauran a tafi gida."

Almakashi ta koma kusa da Darakta ta jingina da bango. Tsoro take ji, tsoro sosai, ba ta san inda za a kai su ba, ba ta san wa zai gaya wa Inna ba. Ta kan kafaɗun mutane tana hango ƙofar farfajiya. Mata suna fita baƙi-baƙi, duk iri ɗaya, amma ɗaya ta tsaya ta riƙe ƙarfen ƙofar da hannun hagu, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Tafi, in ji Almakashi a ranta. Don girman Allah, Yaya, tafi.

Hannun ya daɗe a kan ƙarfen. Sannan yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta gyara jakarta ta fita titi, ba ta waigo ba. Ba hanyar gida ta yi ba, ta kemis ta bi, don ba a rufewa sai ƙarfe takwas.